Jidda ta Ɓangaren Teku

Duk wanda na gaya wa a Kano cewa zan tafi Jidda, saƙo yake ba ni: a yi mana addu'a a Ka'aba, a taho mana da Zamzam da dabino. Babu wanda ya kawo a ransa cewa Bakano zai nufi ƙasa mai tsarki da jakar sukurdireba da mitar gwajin wuta. Amma abin da ya kai ni ke nan a ƙarshen Satumban 2025. Sana'ata haɗa na'urorin lantarki na jiragen ruwa da kwamfuta. A Apapa na koye ta, na ƙara gogewa a Onne, kan jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai na cikin teku. Wani ɗan kasuwa mai ƙananan jirage uku a Ubhur, arewa da Jidda, shi ne ya nemi wanda zai haɗa masa su da intanet, ya riƙa ganin inda suke da lafiyar injinansu daga wayarsa. Kawuna da ke zaune can ya ba da sunana, aka yi mini bizar aiki ta ɗan lokaci.

Kawu ya tarye ni a filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Zafin garin mai ɗanshi ne, kafin ka kai mota riga ta manne maka a baya. Da muka gangara kudu sai ya fara nuna mini filaye fetal, babu komai sai ƙura da 'yan masallatai a tsaye su kaɗai. "Nan Sabil ce. Can Kandara. In ka miƙe ka isa Hindawiyya, gaba kuma Karantina." Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya shafi unguwanni fiye da 60, kuma da yawa daga cikinsu nan ne Hausawa suka yi shekara da shekaru, inda kake samun mai tsire da mai koko da mai ɗinkin hula a lungu guda. Yanzu kowa ya kama gabansa. Kawu bai yi ƙorafi ba, ya dai ce zumuncin da a da ake yi da ƙafa yanzu sai da man mota.

Hausawan Jidda ba kala ɗaya ba ne. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda kakanninsu suka zo tun da daɗewa, masu laƙabin Hausawi, irin su Usama Hausawi da ya riƙe kambin kyaftin na Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha. Akwai masu iƙama irin Kawu. Akwai kuma waɗanda ba a tambayarsu takarda in ana son zaman lafiya. Matuƙin babban jirgin da zan yi wa aiki yana cikin kashin farko. Kowa Rayyis yake ce masa, ni kuma na ƙara Baba a gaba, don ya haife ni. Hausarsa tsohuwa ce, a cakuɗe da Larabcin Hijaz, kuma bai taɓa taka Nijeriya ba. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katagum a ƙafa, ya ratsa Chadi, ya tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan har ya tara kuɗin fito, sannan ya hau sambuk, jirgin ruwa na katako, daga Sawakin. Ya zo hajji, bai koma ba.

Ubhur wani hannun teku ne da ya kutsa cikin ƙasa, gefe da gefe duk wuraren shaƙatawa ne da matsayar jirage. Biyu daga cikin jiragen namu na faiba ne masu inji a waje, suna ɗaukar masu sha'awar kamun kifi da fatsa; na ukun ya fi girma, yana da ɗaki da injin dizal biyu, shi ke kai masu nutso da masu kwana a teku. Mai jiragen ya zo da fararen kaya yana ƙamshin oud, ya nuna mini a wayarsa irin abin da yake so: taswira, ɗigo uku suna tafiya, da jan rubutu in wani abu ya ɓaci. Na ce masa to, amma sai na fara leƙa ƙarƙashin allon tuƙi.

Wanda bai yi wannan aikin ba yana zaton kwamfuta ce wahalarsa. Gishiri ne. Bahar Maliya ta fi yawancin tekunan duniya gishiri: a kowace lita akwai wajen giram 40, alhali matsakaicin teku 35 ne. Dalili kuwa babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, ga rana tana ƙone ruwan, ga ƙofarta ta kudu, Babul Mandab, matsattsiya. Wannan gishirin yana tashi cikin iska, ya shiga duk inda iska ta shiga. Da na fere wayar da ke kai wa rediyo wuta, jan ƙarfen ciki ya koma baƙi, na ƙara ferewa gaba, nan ma baƙi, har tsawon kamu biyu. Wayar mota aka sa. Wayar jirgi ta gaske kowane silinta an shafe shi da kuza, shi ya sa take fari sol kuma take tsada. Wanda ya yi aikin farko ya rage kuɗi, teku kuma ta karɓi cikon. Kwanakina na farko a Jidda duk a durƙushe na yi su, kaina cikin akwatin batir, ina cire waya ina sa wata, ina matse kawuna da robar da ke tsukewa in ta ji wuta, gumi na ɗiga a kan fis.

Na'urorin da kansu masu kyau ne, irin waɗanda za ka gani a kowane shagon kayan jirgi, su Garmin da Furuno da Simrad. Akwai allon taswira mai GPS, da na'urar auna zurfi, da rada, da rediyon VHF, da AIS, na'urar da ke sanar da sauran jirage inda jirgi yake. Yawancinsu suna magana da juna ta waya guda da ta ratsa jirgin daga gaba zuwa baya, tsarin da ake kira NMEA 2000. Daga masana'antar motoci aka aro shi, kuma ƙa'idarsa ba ta da yawa: a kowane ƙarshen wayar a toshe da abin da ke da ƙarfin om 120, guda biyu kacal. In ka kashe wuta ka ɗora mita, 60 za ka gani. A babban jirgin 40 na gani. Wani ya ƙara na uku a tsakiya, wataƙila don yana ganin yawa alheri ne. Shi ya sa zurfin ruwa ke ɓacewa daga allo lokaci zuwa lokaci, abin da Rayyis ya daɗe yana ɗora wa na'urar laifinsa. Da na zare shi lambar ta tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi allon, ya ce, "Mashaallah, Muhandis." Muhandis, wato injiniya, daga ranar sunana ke nan a matsayar.

Rediyon ma babu lambar shaida a cikinsa. Kowane jirgi ana ba shi lamba mai alƙaluma tara, MMSI, ukun farko na nuna ƙasa: 403 Saudiyya, 657 Nijeriya, 662 Sudan. A jikin rediyo akwai jan maɓalli a ƙarƙashin murfi. In ka danna shi cikin hatsari, yana aika lambarka da inda kake ta tasha ta 70 ga duk jirgin da ke kusa da masu ceto, ko da babu mai iya buɗe baki. In babu lambar, maɓallin ado ne. Na sa ta daga takardar lasisin da ke cikin aljihun mai jirgi tun bara. Na kuma duba EPIRB, wannan 'yar fitilar da ke aika kira ga taurarin ceto a kan megahaz 406 in jirgi ya nutse. Batirinta ya wuce wa'adi. Na ce wa mai jirage wannan ya fi duk taswirar wayarsa muhimmanci, ya saya ba tare da ciniki ba, abin da ya ƙara masa daraja a idona.

Sai da aka gama wannan aka zo kan abin da aka kira ni dominsa. A kowane jirgi na dasa 'yar ƙaramar kwamfuta, ba ta fi tafin hannu ba, cikin akwati mai hana ruwa. Tana sauraron waccan wayar, tana rubuta inda jirgi yake, gudunsa, zafin inji, ƙarfin batir, man da ya rage, da sau nawa famfon kwashe ruwa ya tashi. Wannan na ƙarshen shi na fi so. Jirgin da ke ɗaure a matsaya, famfonsa na tashi akai-akai cikin dare, yana gaya maka ne cewa ruwa na shiga ta wani wuri, tun kafin kowa ya ga alama. Bayanan suna tafiya ta layin waya na yau da kullum zuwa sabar da muka yi haya a intanet, abin da 'yan sana'armu ke kira girgije. Yanzu ba sai ka kai bayananka Turai ba: Oracle ta buɗe cibiyarta a Jidda a 2020, Google ta buɗe tata a Dammam a 2023, kuma ƙasar ta kafa dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2023. Mun zaɓi cibiyar da ke cikin ƙasar.

Amma layin waya na tudu ne. In jirgi ya yi nisa da gaɓa sandunan sabis suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Saboda haka na tsara akwatin ya riƙa tara komai a cikinsa, in sabis ya dawo ya juye gaba ɗaya, kowane bayani da lokacinsa. Mai jirage ya kawo maganar Starlink, don a watan Mayun 2025 an sanar a Riyad cewa ƙasar ta amince a yi amfani da shi a jiragen sama da na ruwa. Gaskiya ne ya fi tsofaffin taurari sauri, tunda nasa suna yawo a nisan wajen kilomita 550, waɗancan kuwa suna tsaye a kusan 36,000, saƙo ya je ya dawo ya cinye fiye da rabin daƙiƙa. Sai dai abin da akwatina ke aikawa a yini bai kai hoto ɗaya na WhatsApp ba. Na ce masa in don baƙinsa su riƙa ɗora bidiyo daga tsakiyar teku ne, wannan lissafin kasuwa ne, shi ya san shi. In don inji da batir ne, kada ya ɓata kuɗinsa.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na yarda jirgi ya dogara da abin da ke wajensa. 'Yan makonni kafin in sauka, ranar 6 ga Satumban 2025, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku biyu, SMW4 da IMEWE, sun samu matsala a kusa da Jidda, intanet ya yi nauyi a Indiya da Pakistan da Daular Larabawa, har Microsoft ta fito ta ce masu amfani da girgijenta na Azure za su ga jinkiri. Kafin nan, a Fabrairun 2024, wasu wayoyin uku sun katse a kudancin wannan tekun, aka fi zargin angar jirgin Rubymar da 'yan Husi suka harba. Mu ma mun ɗanɗana namu a Maris ɗin 2024, lokacin da wayoyi suka katse a gaɓar Kodebuwa, manhajojin banki suka tsaya a Nijeriya. Girgijen nan da ake ta faɗa, kaso mai yawa na hanyarsa tsakanin Turai da Asiya a kwance yake a ƙasan ruwan da jiragenmu ke bi ta kai, zare ne na gilas da ba ya jure anga. Don haka ƙa'idata ita ce: abin da ke ceton rai ya zauna cikin jirgi, ya yi aiki ko da duniya ta yi shiru. Abin da ke zuwa sabar na mai lissafi ne.

Ranar da na nuna wa ma'aikata taswirar a kwamfuta, matuƙan ƙananan jiragen suka yi ta dariya suna neman ɗigonsu. Rayyis bai yi dariya ba. Bayan la'asar ya kira ni gefe, ya zuba mini shayi a ƙaramin kofi.

"Muhandis, wannan abin naka, duk inda na tsaya yana rubutawa?"

"Yana rubutawa, Baba."

"Ya aika wa mai jirgi."

"Eh."

"To alamomina fa?"

Ya buɗe allon taswira ya nuna mini. Ɗaruruwan ɗigo ne, kowanne da sunan da ya raɗa masa, wasu da Larabci, wasu da Hausa cikin haruffan Larabci: inda kifin najil ke taruwa, inda kifin hamur ke kwana a kogon dutsen murjani na ƙarƙashin teku, gefen da ake jefa anga in iskar arewa ta taso, mashigar da jirgi ke bi tsakanin duwatsu biyu. Wasu daga mahaifinsa ya gada, lokacin da ake gane wuri da daidaita tsaunin tudu da wani gini. Ya ce, "Jirgi nasa ne, inji nasa, mai nasa. Waɗannan gonata ce. In ya same su, gobe ya kawo yaro daga wata ƙasa a rabin albashina, ya ce masa bi ɗigo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ɗana."

Na daɗe a wannan sana'ar, kuma mafi yawan lokaci wanda ya biya shi nake saurare. Amma dattijon nan gaskiya ya faɗa, kuma babu takardar aiki ko ɗaya da ta ambaci wannan. Mai jirage ma yana da tasa gaskiyar: dukiyarsa ce ke kan ruwa, da rayukan baƙin da in wani abu ya same su shi hukuma za ta kama. Na ce wa Rayyis ya ba ni lokaci, sannan ya tafi da ni teku in ga abin da idona.

Mun fita bayan asuba. A bakin Ubhur aka tsaya wurin Harasul Hudud, masu tsaron iyaka, suka duba takardun jirgi da sunan duk wanda ke ciki. Babu mai fita teku a nan sai da saninsu. Daga nan ruwa ya buɗe. Na'urar zurfi na aika ƙara ƙasa tana jiran amsa. Sauti na tafiyar wajen mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, daga jinkirin amsar take fitar da lamba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda lambar ke sauyawa. Kana kan ɗaruruwan mita, kafin ka ajiye kofi ta koma goma sha. Murjanin wannan tekun ba ya gangara a hankali, a tsaye yake tasowa daga ƙasa. Na'urar kuma abin da ke ƙarƙashinka take gaya maka, ba abin da ke gabanka ba. Shi ya sa tun zamanin da Halifa Usman ya mai da Jidda tashar Makka, wajen shekara ta 647, baƙon jirgi ba ya shiga sai da ɗan gari. Turawan Ingila sun auna tekun a shekarun 1830 ƙarƙashin Robert Moresby, an kuma sake aunawa bayansa, amma wuraren da manyan jirage ba sa bi har yau taswirarsu ba ta kai ta hanyar tasha inganci ba.

Rayyis ido yake amfani da shi. Ya sa yaronsa a goshin jirgi, shi kuma yana kallon launi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa kuwa dutse ne, ka kauce. Ba ya shiga tsakanin murjani sai rana ta ɗaga kuma tana bayansa, don in tana gabanka ruwan walƙiya kawai yake yi. Ya ce da rani ruwan yakan ja baya, dutsen da ka haye lafiya da sanyi ya kama ka da zafi. Wannan ma haka yake a littafi, tsakanin lokutan biyu akwai bambancin wajen rabin mita. Yana duban allo, amma kamar yadda ake duban agogo.

Na tambaye shi ko GPS ta taɓa yi masa ƙarya. Ya ce a bana akwai ranar da ta ɗora shi a kan tudu, yana tsakiyar ruwa. Ban yi mamaki ba. Taurarin GPS suna nisan wajen kilomita 20,200, saƙonsu kafin ya iso ƙasa ya yi rauni ƙwarai, kowace na'ura mai ƙarfi a kusa tana iya danne shi ko ta kwaikwaye shi. Tunda rikicin yankin ya tsananta ake ta samun rahoton haka a Bahar Maliya. A watan Mayun 2025 wani babban jirgin kwantena, MSC Antonia, ya hau murjani a kusa da Jidda, kuma masu bin sawun jirage sun ce alamu sun nuna an rikita masa GPS. Saboda haka na koya wa akwatina shakka: in jirgi ya yi tsallen da babu injin da zai iya, ya yi wa bayanin alama, ya kuma yi ƙara a gaban matuƙi, don ya koma kan kamfas da rada da zurfi. Na kuma buɗe wa allon sauran taurarin, Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, ko da yake mai danne ɗaya yakan danne duka.

A wani wuri ya rage gudu, ya juya jirgin sau biyu yana kallon na'urar zurfi, sannan ya ce a saki fatsa. Ba a jima ba aka ɗago najil ja mai ɗigon shuɗi, kifi mai tsada ƙwarai a kasuwar Jidda, wanda hukuma kan hana kamawa a lokacin hayayyafarsa. Ina zaune ina kallo sai na tuna masa abin da ban so in ɓoye ba: AIS ɗinsa ma tana shelar inda yake, a kan tashoshi biyu na VHF, kusan duk rabin minti in yana tafiya, kuma akwai shafukan intanet da ke tara wannan kowa ya gani. Ba kuwa zan kashe ta ba, don ita ce ke nuna shi ga manyan jiragen da ke shiga tasha, waɗanda ba sa iya tsayawa ko kaucewa cikin gaggawa. Ya ce ya sani. Tasa ƙarama ce, in ya yi nisa ba kullum ake jin ta a tudu ba, kuma wanda ya ga ya tsaya bai san a wane wata ko da wace iska ya tsaya ba. Abin da yake tsoro shi ne a tara komai wuri ɗaya, shekara guda cur, da zurfi da lokaci da sunan wuri, a hannun wanda ke biyansa albashi. A nan na gane cewa dattijon ya fahimci sana'ata fiye da wasu masu digiri a kanta.

Da rana ta karkata iska ta taso daga arewa maso yamma kamar yadda ta saba, muka dawo jirgi na dukan ruwa, cikina na juyawa. Muna hango dogayen gine-ginen Kurnish wayata ta yi ƙara, sabis ya dawo, akwatin ya juye tafiyar yini cikin ƙiftawar ido.

Zaman sulhun a gidan Kawu aka yi shi, kan farantin shinkafar sayadiyya da kifin da aka sayo daga Bangala, babbar kasuwar kifi ta bakin ruwa. Ga abin da na kawo. Alamomin Rayyis su koma kan katin ajiya nasa na kansa, ya zare ya tafi da shi gida duk yamma, akwatina ba ya taɓa su. Bayanan inji da batir da mai da famfo su tafi sabar cikakku. Wurin da jirgi yake kuwa, muddin ya fita daga Ubhur, a yanke ƙananan alƙaluman, a bar digiri da minti kawai. Minti ɗaya na taswira daga kudu zuwa arewa mil ɗaya ne na teku, mita 1,852. Ya ishi mai jirgi ya san yankin da dukiyarsa take, bai ishi kowa ya jefa fatsa a kan kogon hamur ba. In kuwa aka danna maɓallin hatsari, ko ruwa ya cika jirgi, ko inji ya mutu, sai ainihin wurin ya tafi nan take.

Mai jirage ya ɗan ɓata rai, ya ce shi da ya biya kuɗin na'ura shi za a rufe wa ido? Kawu, wanda bai san komai a kan jirgi ba amma ya san mutane, ya ce masa, "Ya Shaikh, baƙinka jirgi suke biya ko kifi?" Aka yi dariya, maganar ta sauka. Rayyis kuwa ni ya juyo wa.

"Kai fa, Muhandis? Kai da ka haɗa, ba ka gani daga Kano?"

Tambayar tana kan hanya. Duk wanda ke riƙe da makullin sabar yana ganin abin da ke cikinta, ko me ya rantse. Na ce masa shi ya sa yankan a cikin jirgi ake yin sa, kafin bayanin ya fita, abin da bai je can ba kuwa babu mai ganinsa, har ni. Bai gamsu da bakina ba, ya kira jikansa da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Yaron ya zauna ya karanta layukan manhajar ɗaya bayan ɗaya, ya yi mini tambayoyi biyu masu kyau, sannan ya ce, "Haka ne, Jaddi." Na sa aka rubuta sharaɗin a takarda da Larabci, su biyun suka sa hannu. Makullan sabar na miƙa wa mai jirage, na nuna wa yaron yadda ake sauya su bayan tafiyata, da yadda ake gwajin om 60, da wuraren da za a riƙa wankewa da ruwan daɗi ana shafa man hana tsatsa.

Na samu na yi Umra kafin in taho, jirgin ƙasa na Haramaini ya kai ni Makka cikin ƙasa da awa ɗaya, na kuma zaga tsohon garin Balad da dare na sayi tsarabar da aka yi mini saƙo. A hanyar filin jirgi mai jirage ya kira ni. Yana cinikin jirgi na huɗu a Lis, kudu da Jidda, yana so in dawo bayan azumi in haɗa shi. Matsala ɗaya ce, in ji shi: matuƙin can ya riga ya ji labarin takardar Ubhur, kuma ya aiko cewa shi mil biyu yake so.